Baffanta na so ya kai ta Ingila, amma bai san maganin da take sha ba

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye nake rubuto miki a ƙasar Gaya, don Allah a sakaya sunana. Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanwata, mijinta ya riga ta da wata takwas. Ta bar 'ya ɗaya mace, na ɗauko ta na haɗa da nawa huɗu. Ba ta yi wata biyu a hannuna ba sai zawo da tari da ƙuraje, muka yi ta yawon kemis, sai a babban asibiti aka gwada aka ce HIV ce, a wajen uwarta ta samu. Aka ɗora ta kan magani. Yanzu shekararta takwas, ta yi ɓul-ɓul, tana boko tana Islamiyya. Daga ni sai maigidana muka sani.

Baffanta, ƙanin mahaifinta, yana aiki a Ingila. Shekararsu goma sha ɗaya da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Yakan aiko mana da ɗan abin da ya sawwaƙa. Da ya zo babbar sallah ya ce yana so ya tafi da ita ta zama 'yarsu. Wani mai harkar biza a birni ya ce masa a yi mata sabuwar takardar haihuwa da sunansa da na matarsa, ya fi sauƙi. Bai san lalurarta ba. Malam, wato maigidana, ya ce in ba shi kada in tare mata arziki, kuma in yi shiru, in sun je can likitoci za su gano da kansu. Abokiyar zamana ta lura da maganin da nake ba ta da asuba, ta ware wa 'ya'yanta kwano, kullum habaici. Na kuma ji a rediyo wai Amurka ta janye tallafin magani. Shekaranjiya yarinyar ta ce min, "Umma, me ya sa ni kaɗai nake shan magani alhali ba abin da ke min ciwo?" Na ce na ƙarin jini ne. Anti, barci ya gagare ni. In ba shi ita? In na faɗa masa, ban tona asirin ƙanwata tana kabari ba?

Uwar riƙo, Jihar Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan ƙanwarki da mijinta, Ya kai haske kabarinsu. Tunda daga ke sai Malam kuka sani, ina jin ba wanda ya taɓa ce miki sannu a kan wannan, to ni na ce miki sannu. Shekara huɗu ki lissafa, asuba fiye da 1,400 ke nan kina tashi ki ɓallo ƙwaya ki miƙa da kofin ruwa, ranar biki da ranar zaman makoki, da damina hanya ta cika da taɓo ki hau mashin ki je karɓo wani. Ɓul-ɓul ɗin nan da kike gani, bayan ikon Allah, aikin hannunki ne.

Ba zan ja miki rai ba. Kada ki yarda a tafi da ita da takardar ƙarya, kuma kada ki bari ta kwana ko da dare ɗaya a hannun wanda bai san da maganin ba, Ingila ce ko Wudil. Sauran duk abin tattaunawa ne, waɗannan biyun kam a'a.

Malam ya ce likitocin can za su gano da kansu. Za su gano, amma yaushe? Maganin da take sha ba ya kashe ƙwayar cutar, danne ta yake yi har ta kasa hayayyafa. Ranar da aka daina, cikin 'yan makonni take farfaɗowa, ta soma cin garkuwar jiki a ɓoye, yarinya tana wasanta ba wanda ya san me ke faruwa. Babu tabbacin wani likita zai gwada yarinyar da ta iso da ƙoshin lafiya da takardar da ke cewa iyayenta lafiyayyu ne suka haife ta. Sai ta kwanta tukuna. Shan magani a tsinke, yau a sha gobe a bari, shi ne kuma ke koya wa ƙwayar cutar yadda za ta bijire masa. Ki kwatanta ranar a ranki: matar baffa tana tsaye a asibiti, likita ya faɗa mata abin da kuka sani shekara huɗu kuka rufe. Haushin da za ta ji, kuna Gaya ba za ta iya sauke muku shi ba. Wanda ke kusa da ita yarinya ce 'yar shekara takwas, a ƙasar da ba ta da Umma.

Abin takaici ma, ɓoyewar ba ta da wani amfani ta fuskar tafiya. Birtaniya ba ta hana mutum shiga don yana da HIV, kuma tun 2012 maganin kyauta ne ga kowa a asibitocin gwamnatin Ingila. Amurka ma da ta daɗe tana hanawa ta cire hanin a Janairun 2010. Akwai iyalai a ƙasashen nan da suka ɗauki riƙon yara masu wannan lalura da saninsu, yaran suka girma suka yi karatu.

Inda gizo ke saƙa shi ne takarda. Tun ranar 12 ga Maris 2021 gwamnatin Birtaniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta dakatar da ɗauko yara daga cikinsu don a mayar da su 'ya'ya a hukumance, saboda takardun bogi da safarar jarirai. Wanda ke son a ɗaga masa ƙafa sai ya rubuta roƙo na musamman da hujja mai ƙarfi, kuma sai hukumar can ta bincike shi ciki da bai, gidansa da samunsa da lafiyarsa da zaman aurensa. Nijeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 wadda ke tsara irin wannan riƙo tsakanin ƙasashe. A gida ma ba a banza abin yake ba. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai nema sai ya kasance ɗan Nijeriya, ya zauna a jihar shekara biyar, yaron ya yi wata uku a jere a hannunsa, kuma kotu ce ke yanke hukunci. Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023. Wahalar nan ce ta sa mai harkar biza ya kawo tasa gajeriyar hanya.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ma'aikacin ofishin jakadanci zai tambaya: ina matar nan take shekara takwas da suka wuce, ina katin awon cikinta, me ya sa ba su taɓa ambatar suna da 'ya ba a takardunsu na baya? Idan shakka ta shiga, sau da yawa sai gwajin DNA ke raba gardama, shi kuwa zai nuna baffa baffa ne, matarsa kuma ba ta haɗa jini da yarinyar ba. Daga nan sai hana biza, da hanin shiga da kan kai shekara goma ga wanda aka kama da yaudara, zaman shi kansa baffan a can ya shiga garari, a nan kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana iya shigowa, kuma har da ke da kika miƙa ta za a tambaya. Mai harkar biza ya riga ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne za a zaunar da marainiya a koya mata cewa in an tambaye ta sunan babanta ta faɗi wani suna.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana kiran sa ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aya ta 5 a Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu. Riƙon maraya lada ne mai girma, canja masa uba kuwa haramun ne, domin yana rikita gado da nasaba. Baffa ma bai buƙatar wannan. Muharraminta ne, yana cikin waliyyanta, jinin ɗan'uwansa ce. In dukiya yake so ya bar mata, ya yi mata kyauta yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, bayan uwa da kaka ta wajen uwa, 'yar'uwar uwa ce ke biye a haƙƙin reno, gaba da dangin uba, ko da yake akwai sharuɗɗan da alƙali ke dubawa, har da batun auren mai renon. Na kawo wannan ne don ki daina jin kamar kin tare hanyar da ba taki ba. Kada dai ki mayar da shi makamin faɗa da mutumin da ke aiko wa marainiya alheri.

Yanzu ga tambayar da ta hana ki barci. Tona asiri shi ne kai magana inda ba ta da amfani sai kunyatarwa, kamar bakin rijiya ko gidan biki. Faɗa wa wanda ke neman ɗaukar yarinya abin da ranta ya rataya a kai, sauke amana ce. Da za a tambayi ƙanwarki ta zaɓa tsakanin mutum ɗaya ya san ciwonta da 'yarta ta rasa magani, kin fi ni sanin abin da za ta ce. Na kuma gane wani tsoron da ba ki rubuta ba, kada dangin miji su ce ita ta kawo wa ɗansu. Ba wanda zai iya sanin wa ya fara ɗauka a cikinsu, kuma bayan saduwa cutar na shiga ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba. Dukansu suna gaban Allah. In aka fara wannan zance ki ce ke maganar mai rai ta kawo ki.

Kada ki aika saƙon murya, kin san yadda saƙo ke yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya. Ki sa Malam ya kira shi, ku keɓe a ɗaki ku biyu, a lokacin da baffa ba ya wurin aiki. Ki fara da neman alkawari, sannan ki faɗa kai tsaye: "Baffa, akwai amanar da na riƙe shekara huɗu, yau zan raba ta da kai don ka nuna kana ƙaunar yarinyar nan. An haife ta da HIV. Tana shan magani kullum, lafiyarta ƙalau, ga sakamakon gwajinta." Sai ki yi shiru ki bar shi. Yana iya yin kuka, domin a lokacin zai gane abin da wataƙila ya ɗauke yayansa. Yana iya yin fushi don an ɓoye masa. Kada ki nemi amsa a ranar. Ki roƙe shi ya faɗa wa matarsa ita kaɗai, domin ita za ta yi renon, kuma na lura ko sau ɗaya wasiƙarki ba ta ce ga abin da ita take so ba. Mace mai shekara goma sha ɗaya tana jiran haihuwa tana da nata ciwon, ta cancanci a tambaye ta, ta kuma san me take karɓa.

In ya ji ya ja da baya, kin san matsayinsa yarinya tana ɗakinki. In ya ce ya ji ya gani, kin samu abokin ɗaukar kaya, sai ku zauna ku duba me ya fi mata. Ni a ganina, a shekarunta, ta rasa uwa ta rasa uba ta samu wata uwar, a sake tumɓuke ta ba ƙaramin abu ba ne. Baffa zai iya riƙe ta daga inda yake. Ya ɗauki kuɗin makarantarta, da kuɗin mashin na zuwa asibiti, da wani abu tsayayye duk wata na ƙwai da wake da kifi, wanda za a dafa wa yaran gidan gaba ɗaya don kada a tsangwame ta. Ya saya mata tunkiya biyu a yi mata kiwo, ko fili da sunanta. Su riƙa gaisawa ta bidiyo duk Juma'a. In sun zo hutu matarsa ta zauna da ita mako biyu ko uku, ta ba ta maganin da hannunta, su san juna. In ta gama sakandare, ta san lalurarta, ta iya riƙe maganinta da kanta, ƙofar karatu a can tana nan, da sunan ubanta a fasfo. In kuwa sun dage sai yanzu, to ta hanyar lauya mai rajista a can da kotu a nan, da cikakken bayanin lafiyarta, da asibitin da zai karɓe ta tun kafin ta hau jirgi, da maganin wata uku a jaka, a kuma tambaye ta ita kanta. Zai ɗauki lokaci, kuma ana iya ƙi.

Kada ki riƙe Malam a zuci. Mutumin da ya karɓi 'yar wani da lalura, ya ciyar da ita shekara huɗu a wannan tsadar, bai kuma fesa wa kowa ba, ba mugu ba ne. Ingila ya hango, ya kuma gaji da rigimar cikin gida. Ki karanta masa wannan amsa, ki nuna masa haɗarin takardar ya shafe shi shi ma. Ki kuma koya masa ba da maganin, sunansa da adadinsa da lokacinsa, saboda ranar da za ki kwanta ciwo ko tafiya ta kama ki.

Maganar kwano aikinsa ce, ba taki ba. Shi zai ce a gidansa yara kwano ɗaya suke ci, magana ta ƙare. Ba a ɗaukar HIV ta cin tuwo tare, ko moɗa ɗaya, ko tabarma, ko masai, ko kitso, ko cizon sauro. Abin kiyayewa jini ne: kowane yaro da rezarsa da asuwakinsa, in an ji ciwo a sa safar hannu ko leda a wanke a rufe. Wannan doka ce ta kowa da kowa, kada a ce don ita aka kafa. Ba dole ba ne abokiyar zamanki ta san sunan ciwon, tunda 'ya'yanta ba sa cikin haɗari, kuma wadda ta fara da habaici ba ta nuna za ta iya riƙe sirri ba tukuna. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wariya ga masu HIV, amma a tsakar gida kalmar maigida ta fi saurin aiki.

Abin da kika ji a rediyo yana da tushe. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, abin ya girgiza shirin PEPFAR da ke sayen magunguna tun 2003. A Fabrairun shekarar gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin, asusun Global Fund ma yana bayarwa. Ke dai kada ki jira sai kwalba ta ƙare, ki koma da saura na mako biyu, ki riƙe lambar ma'aikaciyar da ke kula da katinku, ki kuma nemi shiga ƙungiyar masu wannan lalura ta NEPWHAN, su ke fara jin inda magani yake. Masu lasifika a kasuwa da ke cewa suna warkar da ita cikin kwana arba'in, ki wuce su. Addu'a da tofi a yi, ƙwaya kuma a sha.

Na bar 'yarki a ƙarshe don ita ta fi muhimmanci. Ta yi tambaya, kuma za ta sake. "Na ƙarin jini ne" ya fitar da ke ranar, amma kada ki maimaita, domin yaron da aka ce masa maganin ƙarin jini yake sha, ranar da ya ji ƙarfi sai ya tofar a bayan ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011 ta ba da shawarar a sanar da yaran da suka kai shekarun makaranta, a hankali daidai da hankalinsu, kada a wuce shekara goma sha biyu ba su san sunan ciwon ba. Yaran da aka faɗa wa a gida cikin lallashi sun fi riƙe magani. Wanda ya ji a bakin 'yan uba wajen faɗa, ko ya karanta a jikin kwalba, shi ne ke yin tawaye. Ki tuna kuma tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin HIV da wasu cututtuka kafin ɗaurin aure. Kada ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ta zama ranar da za ta fara ji.

Ki zaɓi dare, kina tsefe mata kai, ba kowa. Ki ce, "Rannan kin tambaye ni ban ba ki amsa sosai ba. A jikin kowa akwai sojoji masu korar ciwo. Ke an haife ki da wata 'yar ƙwayar cuta a jini mai son ta raunana sojojinki. Maganin nan shi ke sa ta barci. Muddin kina sha, tana barci, ke kuma ki yi karatu ki yi girma. Ba laifinki ba ne, ba laifin kowa ba ne. Maganar ɗaki ce, ni da ke da Baba da likita." Sunan ciwon ya biyo baya nan da shekara ɗaya ko biyu, tare da ma'aikaciyar asibitin da ta saba da ita. In ta kai goma ki tambaya ko asibitinku na da ƙungiyar matasa ta OTZ, inda yara irinta ke haɗuwa su ga ba su kaɗai ba ne. Wata rana za ta tambayi aure da haihuwa. Amsar mai daɗi ce: wadda magani ya danne cutar har gwaji ya kasa ganin ta ba ta sa wa miji, kuma da kulawar asibiti tana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. In ta fara azumi, a asibiti za su gyara mata lokacin sha ya koma sahur ko bayan shan ruwa.

Tunda kin ambaci ƙarin jini, ki kula, in har ana ba ta ƙwayar ƙarin jini ta gaske ko maganin gyambon ciki na ruwa, ki faɗa wa likita, domin suna rage ƙarfin maganin HIV ɗin da ake kira DTG in an haɗa su ba bisa ƙa'ida ba. Duk zuwa a ɗora ta a sikeli, da nauyi ake auna maganin yara, in ta kai kilo 30 ana iya mayar da ita kan ƙwaya ɗaya irin ta manya.

Ranar karɓar magani mai zuwa ki tafi da Malam, ya ji da kunnensa daga bakin ma'aikatan. Ki nemi a yi mata gwajin yawan ƙwayar cuta a jini in an kwana biyu ba a yi ba, a rubuta miki sakamakon. Da takardar nan a hannunki za ku kira baffa. Kafin nan ko hoton fasfo kada ki ba mai harkar biza. Ki rubuto min yadda kuka yi da baffan, ki kuma shafa min kan 'yata.